Zara'u Mai Kai Wuta

Matan gidanmu sun ce na cika faɗa a kan wuta. To, na cika. In na ga ashana a ƙarƙashin tabarma, ko birike mai kunna wuta a bakin gado inda mai rarrafe zai kai hannu, ba na tambayar ko na wane ne, ƙullewa nake a bakin zane, mai shi ya biyo ni ya sha faɗa kafin ya karɓa. Wai tsufa ne. Ba tsufa ba ne, gado ne. A wurin kakata Zara'u na gaje shi, uwar babana Haladu. Ban riske ta da rai ba, amma na san ta kamar ɗaki ɗaya muka kwana, don a gidanmu ba a gajiya da zancenta.

An haife ta a wani ƙauye wajen Mayahi, tun ba a ga Bature a ƙasar Tasawa ba. A lokacin babu ashana. Abin da ake da shi ƙyastu ne, wato ɗan ƙarfe da ƙanƙarar dutse da guntun abduga a cikin jakar fata, kuma ba kowane gida ke da shi ba. Inda ake da shi ma na maigida ne, yana rataye a wuyansa, in ya tafi gona ya tafi da abinsa. Mata wutar jiya suke riƙo. In an gama tuwon dare sai a turbuɗa guntun icce ko busasshen kashin shanu a cikin toka, da safe a tone a hura. In an tone an tarar ta mutu, sai a miƙa ma yaro fasasshen kasko a ce ya je maƙwabta ya ɗebo. Ba a aiken babba, don babba yana da aiki. Ƙaramin da bai isa daka ba, bai isa rijiya ba, shi ne ɗan ɗebo wuta. Kuma wuta ba a hana ta. Ko jiya kun yi baram-baram da mace, in ɗanta ya shigo da kasko, sai ki zuba mashi garwashi ya tafi.

Zara'u tana ƴar yarinya, ba ta daɗe da fara zuwa rijiya ba, aka aiki ƙanenta Gazali ɗebo wuta wata safiya bayan kaka. Ya ɗebo lafiya lau. A hanya ya kama fara, sai ya laɓe bayan tarin shuci, ciyawar da aka yanko don baibayar ɗaki, ya tsuguna zai gasa abarsa inda ba mai gani balle a ce ya raba. Tsakanin shuci da danga ya shiga, wuri ne mai ƙofa ɗaya. Zara'u tana dawowa da ɗan tulunta a ka ta ga hayaƙi, wuta ta kama shucin, ta ji murya tana kiran innarsu. Ta san muryar. Maza suka zo da ƙasa da ganye suna bugu, amma kafin su fasa dangar ta baya kiran ya tsaya.

Aka ce ƙaddara, aka yi addu'a, aka rufe shi. Wannan ba wanda ya yi gardama. Abin da ya tsaya ma Zara'u a rai, ni ma ya tsaya mani har yau, shi ne ba a yi sadakar bakwai ba wutar gidansu ta sake mutuwa, uwarta, idonta bai ko bushe ba, ta ɗauki wani kasko ta miƙa ma ɗan ƙanwarta ta ce ya je ya ɗebo. Ba mugunta ba ce. Haka aka saba, ba wanda ya taɓa tunanin akwai wata hanya.

Daga nan tsoro ya shige ta bai sake fita ba. Ta girma kyakkyawa, doguwa, mai ƙarfin daka, amma in ana hira iska ta kaɗo ƙaurin hayaƙi sai ka ga ta yi shiru tana ɗaga hanci, ba ta sake jin abin da ake faɗi sai ta san daga inda ya fito.

Aka yi mata aure a Gidan Mai Nasara, wani ɗan ƙauye kusa da Kona. Mijin, kakana Na Allah, manomi ne mai sanyin hali, mai son dariya, irin mutanen da ko ɗaki na yoyo sai su ce gobe. Uwarsa, Inna Fadimatu, tana tare da su. Tun satin farko amarya ta tayar da murhu daga gindin zana inda yake tun zamanin kakanni, ta mayar da shi tsakar gida, ta share kewayensa tas har ƙasa ta fito fari. Ta aje tulun ruwa kusa wanda ba a sha, ba a girki da shi. Ƙyastun mijinta kuwa, in ya dawo gida, ita ke karɓa ta taka turmi ta soke shi can ƙololuwar ɗaki. Na Allah yana dariya yana cewa wata rana sai ya nemi tsani kafin ya kunna lofe. Sau da yawa ta kama hanyar rijiya ta yi nisa, sai ta juyo da gudu ta duba murhun da ta riga ta rufe da hannunta. Matan gari suka sa mata ido, suna cewa amaryar Na Allah da ɗan taɓi.

Rigimar ta taso ne ta wajen Hamsatu, maƙwabciyarta, sa'arta ce, mace mai baki amma ba ta da ƙeta. Zana ɗaya ce ta raba gidajen, ana jin tarin juna, sai dai ƙofar Hamsatu ta baya take, in za ka shiga sai ka zagaya ta wani dogon lungu matsattse tsakanin zana da zana. Wata safiya Hamsatu ta aiko ɗiyarta A'i, ƴar ƙarama da ko famfara ba ta fara ba, da kasko a hannu. Zara'u ta dubi yarinyar, ta dubi kaskon.

Ta ce, "Je ki ce ma innarki ta zo da kanta."

A'i ta koma hannu wofi. Ba a jima ba sai ga Hamsatu, ko sallama ba ta gama ba ta fara.

"Zara'u, me na yi maki? Wuta fa na aiko a ɗebo, ba hatsin rumbunki ba."

"Ba ki yi mani komai ba. Ga wuta nan, ɗebi har ki gaji. Yarinyar ce ba zan ba ba."

"Ni uwata ta aike ni, ke uwarki ta aike ki, ga mu nan ba mu ƙone ba."

Zara'u ta ce, "Mu ne ba mu ƙone ba."

Hamsatu ba ta san zancen Gazali ba, don Zara'u ba ta taɓa faɗa ma kowa a garin ba. Ta ja tsaki ta fita ba ta ɗebi wutar ba. Kafin azahar magana ta gama gari, wai a gidan Na Allah an hana wuta. Inna Fadimatu ta kira surukarta cikin ɗaki ta ce, "Ƴar nan, kin zubar mana da mutunci. Tun da aka kafa garin nan ba a taɓa mayar da kasko wofi daga ƙofar nan ba." Zara'u ta durƙusa ta ba da haƙuri, amma ba ta ce za ta daina ba.

Mata suka yi fushi suka daina aikowa gidanta, ita kuwa ta ɗauka ta yi nasara. Sai wata safiya tana shara a ƙofar gida ta hango A'i tana tahowa daga can ƙarshen gari. Tun da kusa an hana, nesa ake aikenta. Hanyar kuwa ta gindin rumbunan gari ta bi, inda hatsin kowa yake, rumbu na jingine da rumbu, duk na kara da ciyawa. Yarinyar tana tafe tana hura garwashin don kada ya mutu, tartsatsi na tashi yana bin iska, ta tsaya kallon ƴan awaki, ta sake tafiya, ta yi tuntuɓe ta gyara. Tsintsiya ta faɗi daga hannun Zara'u. Ta gane hanin da ta yi bai raba yarinyar da wuta ba, tsawon hanya kawai ya ƙara mata.

Washegari, ana idar da sallar asuba gari ya fara haske, ta ɗauki wani kasko mai kauri, ta cika gindinsa da toka mai sanyi, ta jera garwashi a bisa, ta kife da murfi, ta fita. Ta fara da ƙofar Hamsatu. Ta yi sallama ta ce, "Akwai wuta, ko a zuba maku?" Hamsatu ta leƙo ta dube ta sama da ƙasa, ta ce, "Yau kuma talla ake?" Amma wutarta ta mutu, ta karɓa. Haka Zara'u ta bi gida gida har ta zagaye garin, da yake ba wani babba ba ne.

Da fari dariya aka yi ta yi mata. Daga baya aka saba, kun san mutum da son banza. Mata suka daina ko wahalar rufe wuta da kyau, tun da mai kawowa tana tafe. Sunan Zara'u Mai Kai Wuta ya bi ta har ƙauyukan kewaye. Ba ta karɓar komai, ba ta tsayawa hira. Da damina da rani, da ciki da goyo, ba ta fasa ba. In wata ta ce mata ta aje kaskon nan ta zo ta ga wani abu, sai ta ce a'a, ita in ta ɗauko wuta ba ta aje ta a hanya, balle a lungu kusa da zana, sai ta kai murhu. Ta faɗi wannan magana ta sake faɗi har yaran gari suna kwaikwayonta da ita.

Ɗiyarta ta fari ita ce Sa'a. Ku na yanzu ba ku san kunyar ɗan fari ba, kuna kiran naku da suna a tsakar kasuwa kuna sumbata. A da uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Da aka yaye Sa'a sai ta koma ɗakin Inna Fadimatu, a can take kwana, ita take kira Inna. Uwarta kuwa Yaya take ce mata. Ita Zara'u in za ta kira ta sai ta ce "ke", in za ta yi zancenta ta ce "yarinyar nan". Kuma mafi yawan "ke" ɗin a bakin murhu ake yin ta, da tsawa. Ta ja layi a ƙasa nesa da duwatsun murhu, in Sa'a ta taka sai ta ji, "Ke, ja baya." Yarinyar ta yi firgigit ta koma. Duk son da Zara'u ke yi mata, a cikin tsawar nan yake, ba ta da wata ƙofar da za ta fitar da shi.

Sa'a kuwa ba ta da abin kallo a duniya kamar uwarta. Da safe in Zara'u ta fita da kasko, sai ta bi ta a baya daga nesa, tana tafiya irin tata, hannuwa a miƙe kamar ita ma da abin a hannu. Mata suna dariya suna cewa ga magajiya. Zara'u ba ta dariya, korarta take. Amma in tana shirya kaskon a bakin murhu, duƙe take ta ba da baya, yarinyar tana can bayan layi. Saboda haka Sa'a ta ga garwashi, ta ga fita, ta ga zubawa a murhun mutane, ba ta taɓa ganin tokar da ake fara shimfiɗawa a gindi ba.

An yaye Sa'a da kamar damina biyu aka haifi babana Haladu, cikin bazara, lokacin da zana ta bushe har tana ƙara in an taɓa, maza sun tara shuci ko'ina suna gyaran ɗakuna kafin ruwa ya sauka. Zara'u ta shiga jego. Na Allah ya riga ya tara iccen jego, manyan kututture, aka girka babbar tukunya a tsakar gida, wuta ba ta mutuwa a ƙarƙashinta. Safe da yamma Inna Fadimatu ke yi mata wanka da tafasasshen ruwa da ganye, Zara'u ta sha kunun kanwa ta koma ɗaki. Mai jego ba ta fita ƙofar gida sai ta yi arba'in. Ga wuta mafi girma a garin a tsakar gidanta, ga ta ba ta da ikon fita.

Tun kafin ta haihu ta roƙi Hamsatu ta riƙe mata zagayen. Hamsatu ta yi na ƴan kwanaki, ta gaji, ta ce ita ƙafarta ba ta Zara'u ba ce. Ta roƙi mijinta. Na Allah ya ce, "Haba, ni da gemuna in bi gidajen mutane da kasko?" Ya ce zai yi ma maza magana a masallaci, su ce ma matansu kowa ta ɗebo da kanta. Ko ya yi ko bai yi ba, Allah ya sani, sharar gona ta ɗauke mashi hankali. Zara'u ta kwanta a ɗaki jinjiri a gefe, kunnenta a waje, hancinta a waje. In ta ji gudun yara a bayan zana sai gabanta ya faɗi. Nono ma sai da ya so ya ɗauke don fargaba.

Ranar da abin ya faru, an yi mata wankan safe, ruwan ya yi zafi ƙwarai, jikinta ya mutu. Ta kwanta tana ba Haladu nono, barci ya fara fizgarta. Sama-sama ta ji muryar Hamsatu ta bayan zana tana ba'a, tana cewa, "Yau ma tamu ta mutu. Mai kai wuta ta samu ɗa namiji ta manta da mu, sai mu ci ɗanyen gari." Ta ji Inna Fadimatu ta yi dariya. Ta so ta ɗaga murya ta ce Hamsatu ta zagayo da kanta, barci ya rinjaye ta.

Iska ce ta tayar da ita. Irin iskar bazara mai zafi da ke tasowa da hantsi ba sallama, zana tana kaɗawa, ganye na gudu a tsakar gida. Ta zabura ta leƙa ta ƙofar ɗaki don ta ga wutar tukunya. Wutar tana nan. Sai idonta ya kai gindin turmi inda take kife kaskonta. Murfin yana nan a ƙasa, kaskon babu.

Ta fito da jinjiri a hannu. A bakin murhu, cikin layin da ta ja, ga sawun ƙananan ƙafafu. Ga wata sakaina an yar, bakinta ya ƙone baƙi, da ita aka kwashi garwashi. Ta dubi tarin toka mai sanyi da take ajewa gefe don shimfiɗa, yana nan lumui, ba a taɓa shi ba.

Inna Fadimatu tana inuwa tana kaɗi. Zara'u ta ce, "Inna, ina yarinyar nan?"

"Tana nan tana wasa. Yanzu na gan ta."

Zara'u ta ɗora mata jinjirin a cinya bisa abdugar, ta nufi ƙofa.

"Ke ƴar nan, ina za ki? Da ɗanyen jiki? Ki dawo, mai jego ba ta fita."

Ba ta waiwaya ba. Ba mayafi, ba takalmi, ta zagaya bayan gida ta shiga lungun Hamsatu.

Lungun nan mutum biyu ba sa jerawa a cikinsa. Dama zana, hagu zana, kuma mijin Hamsatu ya jingine dammunan shuci a gefe ɗaya tun daga tsakiya har ƙofarsa. Iska ta samu hanya tana bi ta ciki kamar ana hura zuga-zugi. A tsakiyar lungun, daidai inda shucin ya fara, Sa'a tana tsaye ta ba da baya. Ba ta tafiya. Hannuwanta a miƙe, kaskon a cikinsu cike da garwashi ba murfi, duk lokacin da iska ta bugo sai ya yi ja wur, tartsatsi ya tashi. Kafaɗunta suna rawa. Ba kuka take ba, wani ɗan sauti take yi ta hanci, siriri, kamar ɗan akuyan da aka danne.

Zara'u ta gane abin da ke faruwa. Kasko ba toka, ya ɗauki zafi tun a hanya. Yarinyar ta kasa gaba, ta kasa baya, kuma ta ƙi saki.

Tsawa ta taso mata har maƙogwaro. Ta danne ta da ƙyar, don ta san in ta ce "ke" yarinyar za ta yi firgigit kamar yadda ta saba, kaskon ya kife a gindin shuci. In ya kife, su biyu suna tsakanin zana da zana, iska na bayansu, Hamsatu da ƴaƴanta suna cikin gida ƙofarsu ɗaya ce, ita ce wannan. In ta ruga da gudu, ƙarar ƙafa ma za ta firgita ta. Muryar Gazali ta dawo mata a kunne tar. Ta sassauta murya yadda ba ta taɓa yi ba, ta faɗi abin da bakinta bai taɓa faɗi ba tun ranar suna.

"Sa'a."

Yarinyar ta tsaya da sautin. Ta ɗan juyo da kai a hankali.

"Sa'a, ni ce. Tsaya yadda kike. Kin iya. Ga ni nan."

Ta taka a hankali, tana magana tana matsowa, jini na bin ƙafarta ba ta sani ba. Wani tartsatsi ya sauka a kan shuci, ta bi shi da ido har ya mutu. Da ta iso ta zura hannuwa ta bisa kan yarinyar ta kama kaskon. Zafin ya ratsa ta har ƙwaƙwalwa, ita da ta yi shekaru tana ɗaukar wuta. Ta ce, "Saki yanzu." Sa'a ta buɗe hannu, na dama ya rabu da kaskon, na hagu sai da Zara'u ta ja, fatar tafin ta biyo shi.

Ita ma ba ta da inda za ta aje. Ta juya da baya ta fito da shi daga lungun, ta kai fili inda rairayi yake, ta kife, ta tura ƙasa da ƙafa ta binne. Garwashi ɗaya ya faɗi a bakin lungu kusa da zana, ta take shi da tafin ƙafa har ya mutu. Sannan ta koma.

Sa'a tana nan inda aka bar ta, hannuwa a miƙe har yanzu. Ta ɗago ido ta dubi uwarta, tsoro ya cika fuskarta, ba na wutar ba, na faɗa. Ta ce, "Yaya, ban aje ba."

Sai a lokacin Zara'u ta yi kuka, irin wanda ya fito da garin duka. Ta sungumi yarinyar ta ruga gida ta tsoma hannuwan cikin tulun nan da ba a sha. Hamsatu ta fito ta ga shucin mijinta, ta ga tudun ƙasa yana hayaƙi a bakin lungu, ta zauna daɓas a ƙasa.

Babu likita a lokacin. Abin da aka sani aka yi. Matan Fulani na rugar kusa suka kawo man shanu, wani maharbi ya kawo gashin zomo aka lulluɓe ƙunar. Zazzaɓi ya kama yarinyar, hannun hagu ya kumbura ya yi ruwa, aka fara shiga ana fita ana magana ƙasa-ƙasa. Zara'u ta yar da kunya gaba ɗaya. A gaban surukarta, a gaban maza masu zuwa dubiya, Sa'a tana cinyarta, Haladu yana nono, nata hannuwan a naɗe da tsumma. In numfashin yarinyar ya yi ƙasa sai ta kara kunne a ƙirjinta. Inna Fadimatu ba ta hana ta ba. Na Allah ma dariyarsa ta ɗauke, yana zaune a ƙofar ɗaki ya rasa inda zai sa idonsa.

Ba ta zargi Hamsatu ba, ba ta zargi Inna ba. Ni da ni ce da sun ji a jikinsu, amma ita kanta ta kama. Abin da take ta maimaitawa shi ne, ta taka turmi ta ɓoye ƙyastun namiji a ƙololuwar ɗaki, nata kaskon kuwa ta bar shi a ƙasa, daidai hannun yarinya.

Sa'a ta tashi. Sai da ruwa ya sauka hatsi ya fara rufe ƙasa sannan ta fito wasa. Hannun dama ya warke da tabo. Na hagu ya warke a dunƙule, yatsun sun manne da tafi. Kullum Zara'u sai ta shafa mai ta yi ta murzawa tana ja a hankali ko za su buɗe, yarinyar tana cije leɓe. Ba su buɗe ba.

Da ta yi arba'in ta koma zagayenta da sabon kasko, wanda in ta dawo take ratayewa a ragaya can sama. Ta yi ta yi har gashinta ya yi fari. A garin dai ba a sake aiken yaro ɗebo wuta ba muddin tana raye, wadda duk ta kuskura, Hamsatu ce ke fara zuwa ta ci mata mutunci. A ƙauyukan kewaye kuwa ba abin da ya canza.

Goggo Sa'a ta yi aure, ta haifi ƴaƴa, ta iya daka da hannu ɗaya da dungu, kaɗi ne kawai bai yiwu mata ba. Na riske ta da tsufanta, ita ta ba ni ƙarshen labarin da bakinta. Ta ce da ciwon ajali ya kama uwarta, hankalinta ya riƙa zuwa yana dawowa, ba ta gane mutane. Aka aika Kona inda Goggo ke aure ta zo. Ta zauna a bakin gado ta gaishe ta, tsohuwar ba ta amsa ba, ba ta ko dubi fuskarta ba. Sai ta laluba ta kamo hannun hagun nan, hannun mace mai jikoki, ta jawo shi kusa da bakinta tana hura mashi iska, tana ɗaga yatsun ɗaya bayan ɗaya da ɗan ƙarfin da ya rage mata. Goggo ta ce mata, "Yaya, bari, ya daɗe da warkewa." Ba ta bari ba. Tana riƙe da shi aka shafe mata ido.